Gadon Lesieli Ya Yi Ƙasa

Akwai wata mata a ƙauyenmu na Kolonga, sunanta Lesieli. Tare muke saƙar tabarma, kuma sai da na nemi izininta kafin in kawo muku labarin nan. Ta ce in rubuta, amma kada in ce ta yi kuka a banki. To, ban ce ba.

A nan Tonga dukiyar mace tabarminta ne, kuma a ƙarƙashin katifa ake jera su. Idan ka leƙa ɗaki ka ga gado ya yi tsayi, ka san mai ɗakin ba ta zauna haka nan ba. Gadon Lesieli kuwa, sai 'yarta Heilala ta taka kujera take iya hawa.

Can ƙasan duka akwai fihu, farar tabarma mai laushi kamar zane. Marigayiya mahaifiyarta ce ta saƙa ta, har idonta ya fara dushewa a kanta. Ranar da ta gama ta ce, "Wannan ba taki ba ce, Sieli. Ajiya na ba ki. Ranar auren Heilala za a shimfiɗa mata."

A lokacin Heilala ko rarrafe ba ta fara ba.

Mijin Lesieli, Manase, mutum ne mai barkwanci da son waƙa. Yana cikin mazan da ake ɗiba zuwa Ostareliya tsinkar inabi, a wani gari da ake kira Mildura. Kafin tafiyarsa ta farko suka shiga Nuku'alofa, babban birninmu, suka buɗe asusun banki ɗaya da sunansu su biyu. Aka ba shi kati, aka ba ta kati.

Ya ce mata, "Aljihu ɗaya, Sieli. Ni in zuba daga can, ke ki zuba daga nan."

Haka kuwa aka yi. Kullum da yamma sai ya kira, ya nuna mata yadda inabi ya rina masa hannu, ya rera wa Heilala waƙa har ta gaji ta gudu. Aikin ya ƙare ya dawo, suka sauya rufin gida. Ya sake komawa, ya sake dawowa.

A tafiya ta uku abokan aikinsa suka sauka daga jirgi, babu shi.

Kiran ya koma na ranar Lahadi. Daga nan ya koma na wata-wata. Daga nan shiru. Matan waɗanda suka dawo suka fara yin ƙasa da murya idan Lesieli ta shigo kanti. Ba a daɗe ba takardar kotu ta iso, Manase yana neman a raba auren.

Irin wannan shari'a ba ta sauri. Lesieli ta ninke takardar ta ajiye, ta ci gaba da share tsakar gida, tana korar aladun maƙwabta daga cikin rogonta kamar babu abin da ya faru.

Komai ya yanke tsakaninsu, sai abu ɗaya. Asusun nan.

Manase ya daina zubawa, amma bai daina cira ba. Duk tabarmar da Lesieli ta sayar wa 'yan ƙasarmu mazauna waje, can kuɗin ke shiga. Kuma duk lokacin da ya yi amfani da katinsa, sai wayarta ta yi ƙara, banki ya turo saƙo: an cire kaza, a wuri kaza.

Saƙarmu kamar adashe take. Muna zama a jere mu sunkuya a kan tabarmar mutum ɗaya har ta ƙare, sannan mu koma kan ta mai bi mata. Ni ce ƙarama, wurina can bakin ƙofa. Daga nan na fara lura da cewa idan wayar Lesieli ta yi ƙara, hannunta yakan tsaya cak. Sai ta goge shi a zane, ta ɗauki wayar a hankali, ta karanta, fuskarta ta washe.

Tsohuwa Siale, wadda ba ta barin komai ya wuce, ta ce, "Kai, kai! Wannan murmushin na waye? Sieli, in direban bas ɗin nan ne, ki ce masa ya fara sa haƙori tukuna."

Aka kwashe da dariya.

"Saƙon banki ne, Siale."

"Banki? Ni tunda nake, banki bai taɓa turo min abin da ya sa na gyara gashina ba."

Mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba, Kalolaine, yayar Manase. A wurinmu yayar miji ba abar wasa ba ce. Ita ce fahu, gwaggon yara, ita ke zama a sama a kowane biki, kuma abin da ta nuna da yatsa a gidan ƙanenta ya zama nata. Sannan akwai kunya mai nauyi tsakanin mace da ɗan'uwanta namiji. Ba a maganar matansa a gabanta, ita ma ba ta yi masa. Kalolaine ba ta taɓa sakar wa Lesieli fuska ba. Ta taɓa mayar mata da kwanon ganyen gwaza da madarar kwakwa, wai gishiri ya yi yawa.

Wata rana muna jiƙa ganyen saƙa a bakin teku mu biyu, Lesieli ta matso da wayar kusa da ni.

"Kin ga wannan? Wurin sayar da soyayyar kaza ne. Ya ci abincin rana ke nan. Wannan gidan mai ne, ashe ya samu mota." Ta ja yatsa ƙasa. "Wannan kuma kantin magani. Ranar ban iya cin komai ba. Sai da na ga ya sake sayen kaza na san ya warke."

Na ce, "Amma Yaya Sieli, ai kuɗinki ne."

"Na sani."

"To ki rufe mana."

Ta kalli ruwa. Sannan ta ce, "In na rufe, ta ina zan san yana raye?"

Muka ci gaba da danne ganyen da duwatsu.

Kuɗin makarantar Heilala suka taso, asusu babu komai. Lesieli ta ɗaga katifa ta zare tabarma ɗaya ta sayar. Kuɗin lauya suka taso, ta zare wata. Aka yi rasuwa a dangi, ta zare wata. Ba ta taɓa zama ta raba abin da yake nata da abin da yake na aure ba, domin a ranta rabawar tamkar sa hannu ne a takardar kotu.

Wata safiya Heilala ta ce, "Mama, na daina taka kujera. Ni ce na yi tsawo ko gadon ne ya yi ƙasa?"

"Ke ce kika yi tsawo. Je ki wanke fuska."

Sai misinale ya matso, ranar da kowane gida ke kai baikonsa na shekara a coci, a kira sunan gida da abin da aka bayar kowa yana ji. Tun aurensu ake kiran, "Manase da Lesieli." Babu wanda ya tilasta mata komai. Fasto da kansa ya aiko matarsa ta ce mata ta kawo abin da ya sawwaƙa. Amma Lesieli tana so ta ƙara jin sunayen nan a jere, ko sau ɗaya, kafin alƙali ya raba su. Kuma ba ta so a kira su da ɗan abin da za a ce gidan Manase ya mutu.

Abin da ya rage mai daraja a ƙarƙashin katifa fihu ce kaɗai.

Ta naɗe ta a zanen gado, ta hau bas ta kai ta kantin jingina a gari. Mai kantin ya shafa ta da bayan hannu, sannan ya ƙirga mata pa'anga, kuɗin ƙasarmu. Ya ce, "Zuwa ƙarshen watan Maris. In ya wuce ba ki zo da uwar kuɗi da ruwansu ba, akwai masu jira daga Amerika. Irin wannan ba ta kwana biyu a kanta."

Ranar misinale aka kira, "Manase da Lesieli!" Aka faɗi adadin, coci ya ɗauki tafi. Ina bayanta, na ga ta rufe ido tana motsa baki, tana maimaita sunayen. Kalolaine tana layin gaba. Ko waiwaye ba ta yi ba.

Daga nan Lesieli ta duƙufa neman kuɗin fansa. Aka yi sa'a zagaye ya zo kanta, muka saƙa mata babbar tabarma, wata 'yar ƙasarmu da ke zaune a birnin Auckland ta saya da daraja. Kuɗin da za su kusan fanso fihu. Sai dai a ina matar za ta zuba su? Asusu ɗaya Lesieli take da shi.

Da safe kuɗin suka shiga. Ta ce gobe da bas ɗin farko za ta shiga gari.

Da rana muna saƙa, Heilala ta dawo daga makaranta tana zaune kusa da uwarta tana cin ɗanyen mangwaro, wayar ta yi ƙara. Lesieli ta goge hannu ta ɗauka. Murmushin ya fara, sai ya tsaya a hanya. Kusan duka aka kwashe, a wuri ɗaya, kuma sunan wurin ba ta taɓa ganinsa ba.

Ta ce, "Heilala, ke da kike Turanci, karanta min nan. Asibiti ne?"

Yarinyar ta leƙa. "A'a, Mama. Shagon kayan jarirai ne. Gadon jariri da keken turawa da su. Wa ya haihu?"

Har Siale ta sunkuyar da kai.

Lesieli ta ce, "Je gida ki ɗora ruwa."

Da yarinyar ta fita, Kalolaine ta ajiye ganyen hannunta. Ba za ta iya taɓa maganar ƙanenta ba, don haka ta juya kan wadda take iya taɓawa.

"Na shiga gari makon jiya. Na ga fihun uwarki a kan kanta, an liƙa mata lamba kamar buhun fulawa."

Lesieli ba ta ɗago ba.

"Tabarmar 'yata kika kai jingina don a tafa miki a coci? An tafa. Kin ƙoshi? Wauta ma tana da iyaka, Lesieli. Kina zaune kina ciyar da waya kamar jinjiri. Ranar auren yarinyar nan me zan zauna a kai, saƙon banki?"

Siale ta ce, "Haba, Kalo, ya isa."

"Bai isa ba. Da an gaya mata tun bara, da gadonta bai koma tabarmar kare ba."

Lesieli ta ce a hankali, "Na ji, Gwaggon Heilala." Ta ɗauki ganyenta ta ci gaba da saƙa. Ina ganin ɗigon ruwa yana sauka a kan tabarmar, tana bi da babban yatsa tana gogewa don kada ya yi tabo.

Bayan kwana biyu ta hau bas ita kaɗai. Ta fara tsayawa a ƙofar kantin jingina, ta hango fihu a ninke can sama. Ba ta shiga ba. Ta wuce banki ta ce tana so a buɗe mata asusu.

Ma'aikaciyar ta ce, "Da sunan wa da wa?"

"Lesieli."

"Da wa?"

"Shi ke nan. Lesieli."

Abin da ya faru bayan nan shi ne wanda na yi alkawari ba zan faɗa ba.

Ta aika wa masu sayen tabarminta sabuwar lamba. Ta sami gwangwanaye ta raba ɗan abin da ke shigowa: na abinci, na makaranta, na fihu. Ta daina sayen naman gwangwani, suka koma kifi da rogo. Ta je wurin lauya da ƙafarta ta ce a rubuta maganar ciyar da Heilala a cikin shari'ar, abin da a da take kaucewa.

Wayar kuwa ta yi shiru.

Wannan shirun ya fi komai yi mata ciwo. Takan ajiye wayar kusa da gwiwarta, ta riƙa dubawa ko caji ne ya ƙare. Ta ce min, "Yanzu ban san ko ya ci ba, ko bai ci ba. Ban san ko ana sanyi a can ba. Kamar yau ya tafi."

Sai wata yamma tana kankare kwakwa, wayar ta yi ƙara. Ba saƙo ba, kira.

"Sieli."

Muryar nan da ta fi shekara tana jira.

"Na'am, Manase."

"Katin nan ya ƙi aiki. Na je shago an miƙo min shi, mutane suna kallona."

Duk maganganun da ta tara masa suka watse. Abin da ya fito kawai shi ne, "Ka ci abinci?"

"Me?"

"Na ce ka ci abinci yau?"

"Na ci. Sieli, maganar katin nake yi."

"Babu komai a ciki. Kuma ba za a ƙara zubawa ba."

"Wa ya zuga ki?"

"Babu kowa. Heilala ce ta karanta min sunan shagon."

Tana jin numfashinsa, tana jin kukan jariri can nesa a bayansa.

Ta ce, "Ga ta nan tana wanke kwanuka. In ba ta?"

"Kuɗin wayata sun kusa ƙarewa. Wani lokaci."

Ya kashe. Ta zauna da wayar a cinya har kaji suka cinye kwakwar da ta kankare.

Watan Maris ya kama, gwangwanin fihu bai wuce rabi ba. Kuma a daidai lokacin zagayen saƙa ya faɗo kan Kalolaine, babbar tabarma ce da za ta cinye watan gaba ɗaya.

Siale ta ja Lesieli gefe. "Ke, saurara. Jiragen 'yan yawon buɗe ido suna zuwa watan nan. Ki zauna gida ki saƙa mafitai da 'yan kwanduna, ki kai bakin tasha. Turawan nan ko igiya kika ƙulla za su saya. Ki bar Kalo da tabarmarta. Bayan abin da ta gaya miki, wa zai ga laifinki? Ni kaina in ta yi magana zan zauna mata a ka."

Lesieli ta yi ɗan murmushi. "Da aka yi tawa, tana nan daga farko har ƙarshe, da ciwon bayanta. Ta sunkuya a kan tawa, zan sunkuya a kan tata."

"Ko da fihu za ta tafi Amerika?"

"Ni na kai ta kantin, Siale. Ba ita ba."

Haka ta yi. Da sassafe ta saƙa mafici ɗaya ko biyu, rana ta fito ta zo ta zauna a wurinta, kafaɗa da kafaɗa da Kalolaine. Ba su cewa juna komai sai "miƙo wuƙa." Gefen da Lesieli ta saƙa ya fi na kowa kyau. Na ga Kalolaine ta shafa shi sau ɗaya da ta zaci babu mai kallo.

Ranar ƙarshe ta zo. Lesieli ta juye gwangwanin a jaka, ta ce za ta je ta roƙi mai kantin ya ƙara mata lokaci, in ya ƙi kuma ta yi wa tabarmar kallon ƙarshe. Ta roƙe ni in raka ta.

Muna isa wurin tsayawar bas muka tarar da Kalolaine, ta ci ado, ta ɗaura 'yar tabarmar da muke ɗaurawa a ƙugu don girmamawa, kamar mai zuwa coci.

Ta ce, "Gari za ku? Ni ma."

Muka hau. Sai da muka wuce ƙauye biyu sannan ta miƙo hannu ba tare da ta juyo ba.

"Nuna min katin."

Lesieli ta zaro sabon katinta ta ba ta. Kalolaine ta nisanta shi da ido ta karanta.

"Sunan wa ke nan?"

"Nawa."

"Da na wa?"

"Nawa kaɗai."

"Tsohon fa?"

"Na yanka shi da almakashin saƙa."

Kalolaine ta mayar mata.

A kantin, Lesieli ta zazzage kuɗinta a kan kanta, har da tsabar mafitai. Mai kantin ya ƙirga ya girgiza kai. Kafin ta buɗe baki ta fara roƙo, Kalolaine ta buɗe jakarta ta ajiye damin kuɗi kusa da su.

"Cike sauran daga nan. Kuma ka cire wannan lambar a hankali, kada ka ja mata zare."

Lesieli ta riƙe mata hannu. "Gwaggon Heilala, ba zan iya biyanki ba."

"Wa ya ce nawa ne?"

Sai a bas, da muke dawowa, fihu tana kwance a kan cinyoyinsu su biyu, ta yi bayani.

"Na kira ƙanena. Ban yi masa maganarki ba, ban yi masa maganar kowa ba, kin san bakina ba zai iya ba. Cewa kawai na yi ina son kuɗi, kaza, kafin Juma'a. Ƙane ba ya tambayar yayarsa me za ta yi da su." Ta gyara zama. "Ina jin sai da ya sayar da motar. Ya taka da ƙafa, zai yi masa amfani."

Lesieli ta rufe baki da hannu. Ban san ko dariya ce ko ɗaya abin ba.

"Da tun watan jiya zan kira shi," in ji Kalolaine. "Amma in na zuba ruwa a tulun da kika ƙi toshewa, me na yi? Sai na ga kin yanke. Sannan na ga kin zo kin zauna a kan tabarmata, alhali na san abin da zaman yake ci miki."

Bas ya bi ta bakin ruwa. Kalolaine ta juya tana kallon taga. Da ta sake magana, muryarta ta sauya.

"An ce ya kira ki."

"Ya kira."

"Ya kika ji muryarsa? Ni da na kira, 'to' kawai yake cewa. Tun yana goye a bayana yake waƙa, yaron nan." Ta share ido da gefen mayafi da sauri. "Ke aƙalla kin riƙa samun saƙon kaza. Ni ko wannan ban samu ba."

Lesieli ta ce, "Lafiya yake. Ya ce ya ci abinci."

Kalolaine ta gyaɗa kai. Hannayensu suna kan fihu, kusa da juna, har muka iso Kolonga.

A ƙofar gida Kalolaine ta ce, "Ina da iko in wuce da ita gidana, kin sani."

"Na sani."

"Gadonki ya fi nawa buƙata. Amma in na ƙara ganinta a gari, ke zan kai jingina."

Kotu ta raba auren bayan 'yan watanni. Manase bai dawo ba, kuma har yau bai kira Heilala ba. Da misinale ya zagayo aka kira, "Lesieli da Heilala." Abin da suka bayar kaɗan ne, tafin ma kaɗan ne. Daga layin gaba aka ji mutum ɗaya tana tafawa da ƙarfi bayan kowa ya daina.

Har yanzu wayar Lesieli takan yi ƙara a ɗakin saƙa. Yanzu kuɗi ne ke shigowa, ba fita ba. Amma ina lura, kafin ta ɗauka takan ɗan tsaya, ta goge hannu a zane kamar da. Ta karanta, ta ajiye, ta ɗan kalli ƙofa. Sannan ta koma kan saƙarta.

Shekaranjiya Heilala ta leƙo ɗakin saƙa tana haki.

"Mama, ina kujerar nan? Gadon ya fara fin ƙarfina."

Darasi: Idan aure ya zo rabuwa, zuciya takan daɗe ba ta yarda ba, kuma wannan ba laifi ba ne. Yi kewarki, amma kada ki biya kuɗin kewa da abin da aka ba ki ajiya domin 'ya'yanki. Raba aljihunki tun da wuri, ki san naki, ki riƙe alkawarin da ke tsakaninki da mutane ko da ranki yana ciwo, domin taimako yakan zo ta hannun da ba ki zata ba, bayan kin ɗauki matakin farko da kanki. Ku tura wa 'yar'uwa ko ɗan'uwan da kuka san har yanzu yana zaune yana jiran waya ta yi ƙara.